Bayahudiyar da Ta Koya Mini Malanta

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, mu da ita baki ɗaya.

Ranar Laraba da hantsi ne. Ina tsaye gaban allo ina yi wa 'yan aji bakwai lissafi, sai shugaban makaranta ya leƙo ya yafito ni da hannu. Ina fitowa ya ce, "Mora ta rasu da safen nan." Mora a harshensu na nufin malama, haka kowa yake kiranta a makarantar. Ni dai Mama nake ce mata. Shekararta tamanin da shida.

Da na koma aji na faɗa wa yaran, babu wanda ya yi kuka nan take. Wata yarinya ta ɗaga hannu, na ba ta dama, sai ta sauke hannun. A matakalar bene na tarar da mai sharar makarantar, wanda ya shekara ashirin yana aiki a nan, zaune ya jingine tsintsiyarsa yana share ido da bayan hannu. Da azahar 'yar Mama ta kira ni. Ta ce, "Malam, gobe za mu kai ta. Mu ba ma ajiye gawa." Na ce mu ma haka.

Na je, ni da matata. Akwatin katako ne fari, babu fenti, babu fure. An yi mata wanka, an sa mata farin likkafani. Da aka saukar da ita, sai mutane suka yi layi, kowa ya ɗebi ƙasa da shebur ya zuba. Akwai masu furfura a layin waɗanda ta koya wa karatu suna da shekara shida. Da layi ya zo kaina na zuba nawa. Sai da muka hau babbar hanya za mu koma Sterling, garin da muke zaune, sannan matata ta fashe da kuka, ta ce, "Wallahi tsohuwar nan ta yi mana rana."

Ban kai gida ba Kawu ya kira. Ƙanin mahaifiyata ne, injiniya mai ritaya, ya fi shekara talatin a Springfield, shi ne ubanmu a ƙasar nan. Muka gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Ɗan nan, na ji an ce an gan ka a maƙabartar Yahudawa."

Na ce, "Ba jita-jita ba ce, Kawu. Na je."

Ya ce, "Da duk abin da ake yi wa 'yan'uwanmu a can?"

Na ce, "Kawu, ba ita take yi ba."

Ya ce Allah ya kyauta, ya ajiye waya.

Washegari na rubuta layi biyu a gurup ɗinmu na waya, na 'yan Arewa, na ce uwar ɗakina a wurin aiki ta rasu, ina yi wa iyalanta ta'aziyya. Mutum uku suka ce Allah ya ba da haƙuri. Wani ya ce gindin zama nake nema. Wani ya turo mini wa'azi mai tsawon minti arba'in. Daga ƙarshe mai kula da gurup ɗin ya goge saƙona, wai don a zauna lafiya.

To, tunda an goge layi biyu, ga mai tsawon. Ban zo yin fatawa ba, ni malamin lissafi ne. Makomarta tana hannun Wanda ya halicce ta, kuma ban ga an damƙa wa kowa a gurup ɗin nan makulli ba. Abin da nake da shi shaida ne. Na gani da idona, ba zan ɓoye ba don wani ya ji daɗi.

Na zo ƙasar nan daga Zariya da digiri biyu a lissafi. Shekara huɗu ina jan tasi tsakanin filin jirgin Dulles da otal-otal. Na cike takardun neman koyarwa har na daina ƙirgawa. Wata ƙaramar makarantar Yahudawa a hayin kogi, ɓangaren Maryland, ita ce ta kira ni. Na yi istihara, na shawarci matata, na tafi.

Wata tsohuwa gajera na tarar, mai farin gashi, tabarau rataye a wuya. Ita ce mai kula da malamai. Na miƙa mata takarduna, ta ture su gefe. Ta zaro wata takardar jarrabawa ta wani ɗalibi, ta ce in duba. Na duba, na ce amsar ba daidai ba ce. Ta ce, "Wannan ko jikana ya gani. Nuna mini inda yaron yake da gaskiya kafin ya ɓata." Na sake dubawa, na daɗe, sai na ga ashe layi uku na farko dabara ce mai kyau, a na huɗu ne ya zame. Na nuna mata. Ta ce, "Litinin za ka fara. A garinku me ake ce wa mai koyarwa?" Na ce malam. Tun daga ranar ba ta sake kirana da wani suna ba.

Makon farko na kusa ajiye aikin. Ban taɓa ganin makaranta mai hayaniya irin wannan ba. Da safe, lokacin karatun addininsu, yara bibbiyu suke zama, littafi ɗaya a tsakaninsu, wannan ya karanta ya faɗi fahimtarsa, wancan ya ce bai yarda ba. Sai ka ji aji kamar kasuwar Sabon Gari. Da wannan bakin suke shigowa ajina. Ka faɗi ƙa'ida, ɗan shekara goma sha biyu ya ce, "Wa ya ce?" Ni kuwa a inda na tashi, in malami ya yi magana ta zauna. Na ɗauka rashin tarbiyya ne. Na ɗaure fuska, na kafa doka, cikin kwana goma ajina ya yi tsit, ko tari sai da izini. Ina alfahari da hakan.

Sai ga Mama ta turo ƙofa. Ta dubi yaran, ta dube ni, ta ce, "Wa ya mutu?"

Bayan an tashi ta zaunar da ni. Ta ce magabatansu sun ce mai kunya ba ya koyo, mai zafin rai kuma ba ya koyarwa. Ta ce, "Ka tara mini masu kunya ashirin da mai zafin rai ɗaya a ɗaki guda. Me kake so ya fito?" Na ce ladabi nake koya musu. Ta ce yaron da ya yi shiru ba ka san abin da ke kansa ba, wanda ya yi maka musu kuwa ya buɗe maka kansa kyauta. Wuƙa da wuƙa ake wasawa, in ji ta, shi ya sa ba sa barin yaro ya yi karatu shi kaɗai.

Ban yarda nan take ba. Da ita ba a yarda nan take, ba ta ma so. In ka yi mata tambaya, da tambaya take amsawa. Na taɓa ce mata, "Mama, don me ba kya ba da amsa kai tsaye?" Ta ce, "Don me zan bayar?"

Rigimarmu babba a shekarata ta biyu ta faru, farkon zangon karatu. Na kama wata yarinya 'yar shekara goma sha uku tana kwafar amsa daga takardar da ta ɓoye a hannun riga. Na yi abin da aka yi mana, abin da na ga malamaina suna yi. Na tsayar da ita gaban aji, na ɗaga takardar kowa ya gani, na yaga jarrabawarta biyu, na ce ga ɓarauniyar amsa. Wasu suka yi dariya. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ta koma ta zauna tana kallon tebur.

Da rana Mama ta aiko a kira ni. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta ce, "Malam, ka kalli fuskar yarinyar nan lokacin da kake magana?"

Na ce satar amsa ta yi.

Ta ce, "Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Fuskarta ta yi ja, sannan jan ya gudu, ta koma fari fat. A wurinmu, wanda ya kunyata mutum a bainar jama'a kamar ya zubar da jininsa ne. Ka ga jinin yana barin fuskarta da idonka."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Mama, mu da haka aka raine mu, ga mu mun zama mutane. A garinmu cewa ake icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Ta ce, "Kai ka tanƙwaru. Waɗanda suka karye fa, suna ina?"

Na tashi na fita ban yi mata sallama ba. Amma ina tuƙi a kan gada sai wani ɗan ajinmu na firamare ya faɗo mini a rai. Muna aji huɗu, ya kasa karanta layi ɗaya, malam ya ɗora shi a kan benci ya sa muka yi masa waƙar daƙiƙi. Ni ma na yi, har da tafi. Bai sake zuwa makaranta ba. Shekara talatin ban tuna da shi ba sai ranar.

Duk da haka mako biyu ban yi wa Mama magana ba. In na hango ta a baranda sai in sauya hanya. Ita kuwa ba ta bar yarinyar haka ba, kada a ɗauka sakaci take koyarwa. Ta ba ta sifili, ta sa ta gaya wa iyayenta da bakinta, ta sa ta sake jarrabawar ita kaɗai a ofis. Amma duk a bayan ƙofa.

Lokacin ya zo daidai da kwanakin da ke tsakanin sabuwar shekararsu da ranar babban azuminsu, kwanakin da suke bin juna suna neman gafara. Sai ga Mama a ƙofar ajina da safe kafin yara su shigo. Ta ce, "Na zo neman gafararka. Na ɗaga maka murya." Kunya ta kama ni, tsohuwa sa'ar mahaifiyata. Na ce babu komai, ni ne da laifi. Ta ce, "Ba ni ka yi wa laifi ba." Ta ce a addininsu azumin yana kankare abin da ke tsakanin mutum da Ubangiji, amma abin da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa yana nan sai mai haƙƙi ya yafe.

Na ce, "Mu ma haka ne a wurinmu."

Ta ce, "To me kake jira?"

Na ce zan kira yarinyar gefe. Ta girgiza kai. "A gaban mutum ashirin ka yi. A gabansu za ka gyara."

Ni, magidanci mai 'ya'ya uku, in ba 'yar shekara goma sha uku haƙuri a gaban aji! Da a gida ne da an ce na zubar da girmana. Na yi. Na tsaya inda na tsayar da ita, na ce satar amsa laifi ne kuma ta karɓi hukuncinta, amma sunan da na kira ta da shi da yadda na yi, nawa laifin ne, ina neman ta yafe mini. Yarinyar ta ce ta yafe, can ƙasa-ƙasa. Girmana bai zube ba. Daga ranar ne ma yaran suka fara kawo mini abin da ba su gane ba ba tare da tsoro ba, har da ita.

Mama ce ta juya jadawalin makaranta gaba ɗaya don in samu zuwa Juma'a, ban roƙa ba. Ta ga ina sallar azahar a cikin mota da sanyi, washegari ta ba ni makullin wani ɗan ɗaki kusa da laburare. Ta ce malamin da yake ɓoye ibadarsa yana koya wa yara cewa ibada abin kunya ce.

Sai shekarar da wuta ta tashi a can, kowa ya san inda nake nufi. Makarantar ta cika da tsoro, an ƙara masu gadi a ƙofa. Mama ta riga ta yi ritaya, amma tana zuwa sau biyu a mako da sandarta, ta zauna da masu koyon karatu a laburaren da aka sa wa sunanta. Wani uba ya kai ƙorafi, ya tara wasu iyaye, wai ba su natsu Musulmi ya riƙa koyar da 'ya'yansu a irin wannan lokaci ba. Aka kira taro bayan an tashi, ina zaune a ciki kamar wanda ake yi wa shari'a. Aikina ne a kan tebur, da abincin 'ya'yana.

Mutumin ya miƙe ya ce shi ba ƙiyayya yake ba, tsoro yake ji. Mama ta ce, "Ni ma tsoro nake ji. Jikan ƙanwata yana can. Ka zo da littafin ɗanka?" Ya ce a'a. Ta ce, "Je ka ɗauko, ka nuna mini layi ɗaya da Malam ya koya masa wanda ba lissafi ba, ko rana ɗaya da ya wulaƙanta shi." Ya koma ya zauna. Ta dogara sandarta ta miƙe, ta juya ga sauran iyayen. Ta ce kowace shekara suna zaunar da yara su ba su labarin yadda kakanninsu suka yi baƙunta a ƙasar wasu, suna koya musu cewa an hana su ƙuntata wa baƙo domin sun san zuciyar baƙo. Ta ce, "In kuka kori mutumin nan, ku daina koyar da wannan darasin, don yara ba wawaye ba ne. Sannan ku cire sunana daga ƙofar laburare kafin ya kai motarsa."

Ba a kore ni ba. Uban ya cire ɗansa a ƙarshen shekara, wannan kuma haƙƙinsa ne.

Kada wani ya ɗauka bakinmu ɗaya a kan abin da ke faruwa a can. A ranar ma, a wurin ajiye motoci, na je yi mata godiya muka ɓuge da musu. Na faɗa mata magana mai zafi a kan yaran da ake tonowa daga ƙarƙashin gini. Ta ce ta gani, ba ta iya cin abinci in ta gani, sannan ita ma ta faɗa mini nata mai zafin. Ba mu daidaita ba har ta koma ga Mahaliccinta. Amma ba ta taɓa cewa in yi shiru don ta tsaya mini ba. Masu turo mini wa'azi, ina kuke ranar taron nan?

Ga kuma abin da ban taɓa faɗa ba sai yau. Shekara shida ke nan ina koyarwa a Islamiyyarmu ta ƙarshen mako a Sterling. Yaranmu da aka haifa a nan suna jin Hausa amma da Turanci suke amsawa, kuma da yawansu jan su ake yi zuwa karatun kamar za a kai su cire haƙori. Ni na fara zaunar da su bibbiyu su yi wa juna bita, su tambayi ma'ana. Ni na hana a yi wa wanda ya yi kuskuren karatu dariya. Ni na kawo zuma ranar da ƙanana suke fara alifun ba'un, kowa ya lasa, don farkon abin da zai tuna game da harafi ya zama zaƙi. Iyaye suka yi ta yabo, aka ce Malam ya zo da sabon salo. Ba nawa ba ne. A wurin Mama na gani, ita kuma ta ce haka aka yi wa kakanta ranar da aka fara kai shi makaranta. Mun taso muna jin cewa hikima ɓatacciyar mumini ce, duk inda ya tsince ta ya ɗauka. Na tsinta, na ɗauka.

Kawu, da girmanka nake faɗa. Jikarka da take ɓuya a banɗaki duk Asabar don kada a kai ta karatu, wadda yanzu ta kai izu biyar, wadda ka yi hawaye ranar da ta karanta maka a falo, da hannun tsohuwar nan a ciki. Ba ka sani ba, laifina ne da ban gaya maka ba. Yanzu ka sani.

Ganina da ita na ƙarshe ranar Lahadi ne da la'asar, a gidan 'yarta a Alexandria, hawa na tara. An sa mata gado kusa da taga. Ta rame har tabarau ya yi mata yawa. Na zauna, ta fara magana a kan makaranta, duk abin da ta ce sai in ce haka ne, Mama. Can sai ta zuba mini ido.

Ta ce, "Malam, sau uku ka ce mini haka ne tun da ka shigo. Likita ya gaya maka wani abu ne?"

'Yarta ta juya ta fita kicin.

Ta ce, "Ina da rai tukuna. Kada ka yi mini ladabin gawa." Sai ta ɗauko zancen maki. Ta ce da za ta sake rayuwa, da ta hana ba wa yara ƙanana maki kwata-kwata, domin lamba tana koya wa yaro leƙen takardar na kusa da shi maimakon kallon tasa.

Na gyara zama. Na ce ban yarda ba. Na ce ɗan baƙo, mai baƙar fata, mai sunan da malami ba ya iya faɗa, lambar nan ita ce garkuwarsa. Ana iya cewa ba shi da ƙoƙari, amma ba a iya musun casa'in da biyar. Idonta ya kawo haske. Ta ce a miƙar da ita zaune. Muka yi rabin awa, tana tari tana ɗaga yatsa, ina katse ta tana katse ni, har 'yarta ta dawo ta ce ya isa haka. Ina sa takalmi ta ce, "Hujjarka ta biyu ba ta da ƙarfi. Ka dawo Lahadi da wadda ta fi ta."

Laraba ta rasu.

Ga 'yarta, da ɗanta, da jikokinta, da duk wanda ya taɓa zama gabanta da littafi: Allah ya ba ku haƙuri, ya ba ku juriyar rashi. Ku kuna cewa ambaton mamaci ya zama albarka. Nata ya zama, a gidana da ajina.

Hujjar kuwa na samo ta, tun daren Litinin take rubuce a takarda cikin jakata. Kuma har gobe ina kan bakana, Mama: a zancen maki, ba ki da gaskiya.